Su wa ne Makidoniyawa, kuma me ya sa maƙwabtansu ke jayayya da sunansu?

Tambaya: Malam, tun ranar da Makidoniya ta Arewa ta hana Italiya zuwa gasar cin kofin duniya ta 2022 muke musu a majalisarmu. Wani ya ce ai ƙasar Iskandar ce, sarkin nan da ya ci duniya da yaƙi. Wani ya ce ƙarya ne, Iskandar Bagirke ne, waɗannan suna kawai suka ara. Na uku ya ce dukansu Bulgarawa ne, Tito, tsohon shugaban Yugoslabiya, ne ya sake musu suna. Wa ya fi gaskiya? Kuma me "ta Arewa" take yi a sunan, alhali ba mu taɓa jin ta Kudu ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaida mini 'yan majalisa, ka ce musu musun nan nasu shi gwamnatocin Girka da Bulgeriya da Makidoniya suka yi shekara da shekaru suna yi, har da rufe kan iyaka da kai ƙara kotun duniya. Kowane cikin abokanka ya kamo wani gefe. Na farko ya fi nisa da gaskiya. Na uku kuwa maganarsa ta fi wuyar warwarewa, don rabinta daidai ne, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Bari in fara da "ta Arewa", tunda ita ce mai sauƙi. Makidoniya sunan yanki ne tun kafin ya zama sunan ƙasa, kuma tun 1913 yankin yake a rabe. Kusan rabinsa, har da babbar tashar jiragen ruwa ta Tasalonika, yana cikin Girka. Abin da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku shi ne ƙasar da ta ci Italiya, mai hedkwata a Skopje. Kimanin kashi goma cikin ɗari, wajen duwatsun Pirin, yana Bulgeriya. To ka ga ta Kudu tana nan daram, sai dai larduna ne na arewacin Girka, inda mutum sama da miliyan biyu suke zaune. Girkanci suke yi, kuma in ka tambaye su sai su ce maka su Makidoniyawa ne kuma Girkawa, ba sa ganin wani saɓani a ciki.

Masarautar Iskandar a wannan gefen na Girka cibiyarta take. Tsohuwar fadarsu, Aigai, wadda yau ake kira Vergina, da sabuwar, Pella, duk ba su da nisa da Tasalonika. Mahaifinsa Filibus na Biyu ya hau gadon sarauta a 359 kafin Miladiyya, ya karya haɗakar Atina da Tibis a yaƙin Kaironiya a 338. Shi Iskandar an haife shi a Pella a 356, Aristotal ya koyar da shi, ya rasu a Babila a 323 yana da shekara 32. Ko shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, wannan na masu tafsiri ne, kuma manya irin su Ibn Kasir sun raba tsakanin mutanen biyu.

Ko mutanensa Girkawa ne? Su kansu Girkawan dā sun yi wannan musu. Herodotus, masanin tarihinsu, ya kawo cewa da wani kakan Iskandar ya je shiga wasannin Olimfiya, abokan takara suka ce wasan na Girkawa ne zalla, sai da ya kawo salsalar gidansu daga garin Argos kafin alƙalai su bar shi. Demostenis, mai baki na Atina, yakan kira Filibus baubawa a bainar jama'a, amma shi ɗan adawa ne, zagin ɗan siyasa kuwa ba hujja ba ce. Abin da aka tono a ƙasa ya fi magana. Sunayensu na Girkanci ne, gumakansu na Girkawa, rubutun kan kuɗinsu Girkanci. A 1986 an samu wani ɗan fallen dalma a Pella, naɗaɗɗe, wanda wata mata ta sa aka rubuta mata asiri a kai don kada wani namiji ya auri wata, ita kaɗai take so ya aura. Kishi ne na yau da kullum, ba rubutun fada ba, kuma da wani karin harshe na Girkanci aka yi shi. Shi ya sa yawancin masana suke ganin harshen nasu ko dai karin Girkanci ne ko ɗan'uwansa na kusa ƙwarai.

Abin da babu masanin kirki da yake musu a kai shi ne ba Silabawa ba ne. Silabawa, wato dangin Rashawa da Sabiyawa da Bulgarawa a harshe, sun gangaro yankin Balkan a ƙarni na 6 da na 7 Miladiyya, wajen shekara 900 bayan mutuwar Iskandar, kuma harshen Makidoniyawan yau nasu ne. Baƙin sun yi auratayya da waɗanda suka tarar, don haka ba za a rasa jinin mutanen dā a jikinsu ba. Amma jinin nan yana jikin Bagirke da Ba'albane da Babulgare su ma, saboda haka gwajin jini ba ya raba wannan gardama.

Shi kansa sunan ya yi yawo. Bayan Rumawa sun ci masarautar a 168 kafin Miladiyya, Makidoniya ta koma sunan lardi. Ita ce wadda, a Littafi Mai Tsarki na Kirista, Manzo Bulus ya ga mutuminta a wahayi yana roƙonsa ya ƙetaro, kuma Filibi da Biriya da Tasalonika da ya je duk suna Girka ta yau. Daga baya Rumawan Gabas suka ɗauki sunan suka liƙa wa wani lardi can wajen Edirne ta Turkiyya. Zamanin Turkawa kuwa babu wani lardi mai wannan suna, sai Selanik da Manastir da Kosova. Masu zanen taswira na Turai da makarantun Girkawa ne suka farfaɗo da shi a ƙarni na 19.

Yanzu ga hujjar abokinka na uku. A ƙarshen ƙarni na 9 garin Ohrid, da ke bakin tafki a kudu maso yammacin ƙasar, ya zama babbar cibiyar karatun Silabawa ƙarƙashin Kilimen na Ohrid, almajirin Kiril da Metodi, malaman da suka fara tsara wa Silabawa haruffa, kuma sarkin Bulgeriya ne ya tura shi can. Bayan shekara ɗari sarki Samuil ya kafa mulkinsa a Prespa da Ohrid, ganuwarsa har yau tana kan tudu bisa garin. A littattafan makarantun Skopje an daɗe ana koyar da daularsa a matsayin ta Makidoniyawa. Sai dai Basil na Biyu, sarkin Rum da ya karya shi a 1014, wanda aka ce ya makantar da dubban fursunoni ya bar wa mutum ɗaya cikin kowane ɗari ido guda don ya ja sauran zuwa gida, laƙabin da ya bi shi a tarihi shi ne Makashin Bulgarawa. Sannan a 1956, ana rushe wani tsohon masallaci a Bitola, aka samu dutse mai rubutu na Ivan Vladislav, ɗan ɗan'uwan Samuil, inda aka kira shi Babulgare na haihuwa. A nan gaskiya tana tare da Sofiya, hedkwatar Bulgeriya, kuma ƙoƙarin murɗe ta bai ƙara wa masanan Skopje daraja ba. Abin lura kawai shi ne a shekara ta 1000 kalmar tana nufin talakan wane sarki ne kai, kuma a wace coci kake, ba irin ƙabilancin fasfo da taken ƙasa da muka sani ba.

Turkawa sun ci Skopje a 1392, suka riƙe yankin har 1912. Daular Usmaniyya ta Istanbul nake nufi, ba ta Shehu ba. Su ba sa ƙirga talakawa da harshe, da addini suke ƙirgawa. Duk Kiristan Otodoks, ko da wane harshe yake, yana ƙarƙashin babban limamin cocin Girkawa na Istanbul. Wani ɗan jaridar Ingila, Brailsford, da ya yi aikin agaji a yankin bayan boren 1903, ya ba da labarin yadda ya kai wasu yaran ƙauye ganuwar Ohrid ya tambaye su wa ya gina ta. Suka ce 'yantattun mutane, kakanninsu. Ya ce Sabiyawa ne, ko Bulgarawa, ko Girkawa, ko Turkawa? Yaran suka ce ba Turkawa ba ne, Kiristoci ne. Iyakar abin da talakan ƙauye ya sani game da asalinsa ke nan, kuma ya ishe shi.

Abin da ya dagula lissafi shi ne dokar da Sarkin Musulmi na Istanbul Abdul'aziz ya fitar a 1870, wadda ta ba Bulgarawa cocinsu mai cin gashin kanta, ta kuma ce duk gundumar da kashi biyu cikin uku na Kiristocinta suka zaɓa za ta iya komawa ƙarƙashinta. Daga nan kowane ƙauye ya zama filin zaɓe. Atina ta aiko fada da malamin makaranta, Sofiya ta aiko nata, Belgrad ta Sabiya ta biyo baya da kuɗi da guraben karatu kyauta. Wanda ya je cocin Girkawa aka rubuta shi Bagirke ko da bai iya gaisuwa da Girkanci ba, maƙwabcinsa da ya je ɗaya cocin aka rubuta shi Babulgare. An samu gidajen da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya suka tashi kowa da ƙabilarsa, gwargwadon makarantar da ta ɗauke shi. Da lallashi ya gaza sai bindiga ta shigo, musamman daga 1904 zuwa 1908, 'yan ta-kife na kowane ɓangare suna shiga ƙauye da dare su tambayi dagaci a wace coci yake.

Ka dubi alƙaluman lokacin ka sha mamaki. Vasil Kanchov, masanin Bulgeriya, a 1900 ya ƙirga Bulgarawa sama da miliyan ɗaya a Makidoniya, Sabiyawa ɗari bakwai kacal. Spiridon Gopchevich, na ɓangaren Sabiya, a 1889 ya ƙirga Sabiyawa wajen miliyan biyu, Bulgarawa ƙasa da dubu sittin. Mutanen ɗaya ne, ƙauyukan ɗaya. Abin da ya ba da wannan dama shi ne harshen Silabawan kudu yana sauyawa ne a hankali daga ƙauye zuwa ƙauye, tun daga Sabiya har bakin Baƙin Teku, babu wata kwana da za ka ce nan wannan ya ƙare wancan ya fara. Duk da haka adalci ya sa in faɗa maka: wajen 1900, yawancin masu ilimi cikin Silabawan Makidoniya Bulgarawa suke kiran kansu, kuma haka yawancin baƙi masu ziyara suke kiransu. 'Yan'uwan nan biyu na garin Struga, su Miladinov, da suka buga tarin waƙoƙin gargajiya a Zagreb a 1861, waƙoƙin Bulgarawa suka kira shi, ko da yake mafi yawansu daga Makidoniya aka tattaro. Da aka sake buga shi a Skopje zamanin Yugoslabiya, sai aka sauya masa suna aka cire kalmar.

Rigimar ta fi zafi a kan mutum ɗaya, Gotse Delchev. An haife shi a 1872 a Kukush, wadda yau take Girka da sunan Kilkis. Ya yi makarantar Bulgarawa a Tasalonika, ya yi ta soja a Sofiya, ya koyar a Shtip, da Bulgaranci yake rubuta wasiƙunsa. Amma ƙungiyar asirin da ya zama jigonta, VMRO, wadda aka kafa a Tasalonika a 1893, cin gashin kai take nema wa Makidoniya, ga duk mazaunanta, kuma shi da mutanensa sun yi ta takun-saƙa da masu son a karɓi umarni daga fadar Sofiya. Sojan Turkawa suka kashe shi a Mayun 1903, wata uku kafin boren Ilinden na 2 ga Agusta, wanda a cikinsa 'yan tawaye suka riƙe garin Krushevo kwana goma suka kira shi jamhuriya. Yau akwai gari mai sunansa a Bulgeriya, akwai wani a Makidoniya, ƙasusuwansa kuma suna harabar wata coci a Skopje, kuma gwamnatin Bulgeriya ce da kanta ta miƙa su a 1946. A nawa karatun, mutumin Babulgare yake ɗaukar kansa ta fuskar asali, Makidoniya kuma ita ce ƙasar da yake wa yaƙi. Kowane ɓangare yana son rabin da ya yi masa daɗi ya jefar da ɗayan.

A wannan shekarar ta 1903 wani malami, Krste Misirkov, ya buga ɗan littafi a Sofiya yana cewa Silabawan Makidoniya al'umma ce ta daban, ya kamata su sami daidaitaccen harshensu bisa karin tsakiyar ƙasar, wajen Veles da Prilep da Bitola. Masu adawa suka lalata mafi yawan kwafin, kuma shi kansa ya yi ta kai-komo daga baya, wani lokaci ya rubuta a matsayin Babulgare. Tun kafin shi, a 1875, Gjorgji Pulevski ya rubuta irin wannan ra'ayi. 'Yan tsiraru ne, amma suna nan, kuma a 1903 Tito yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya a ƙauyensu na Kuroshiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba shi ya ƙirƙiro maganar ba.

To yaya ra'ayin 'yan tsiraru ya zama na jama'a? Rabon 1913 ne ya share masa hanya. Bayan yaƙe-yaƙen Balkan biyu, yarjejeniyar Bukarest ta ba Sabiya kwarin kogin Vardar. Ta rufe makarantun Bulgarawa, ta kori fadoji da malamai, ta kira wurin Sabiya ta Kudu, ta sauya wa mutane ƙarshen sunayensu. Mutum ɗaya zai iya zama Petrovich a 1930, Petrov a 1942, Petrovski a 1946, bai matsa daga gidansu ba. Mutane ba su zama Sabiyawa ba, amma an yi sama da shekara ashirin yara suna tashi ba su taɓa shiga ajin Bulgaranci ba. VMRO kuma ta rikiɗe ta koma ƙungiyar kisan gilla, ɗan cikinta ne ya harbe Sarki Aleksanda na Yugoslabiya a Marsel a 1934. A shekarar ce kuma ƙungiyar kwaminisanci ta duniya da ke Mosko ta amince cewa akwai al'ummar Makidoniya ta daban, matasa masu ra'ayin gurguzu suka rungumi abin.

A 1941 sojan Bulgeriya, ƙawar Jamus, suka shigo, kuma a garuruwa da yawa da furanni aka tarbe su. Murnar ba ta daɗe ba. Jami'ai daga Sofiya aka turo, suka riƙa yi wa 'yan ƙasa kallon ƙauyawa da ba su iya harshensu ba. A Maris 1943 hukumomin mamayar suka tattara Yahudawa sama da dubu bakwai daga Skopje da Bitola da Shtip aka kai su sansanin Treblinka, kusan babu wanda ya dawo. Ranar 2 ga Agusta 1944, wadda aka zaɓa da gangan don ta dace da Ilinden, 'yan gwagwarmaya suka taru a gidan zuhudu na Prohor Pchinjski suka shelanta jamhuriyar Makidoniya cikin tarayyar Yugoslabiya, da Makidoniyanci a matsayin harshen hukuma. A Mayun 1945 aka tabbatar da haruffa 31, aikin da matashin masani Blazhe Koneski ya fi kowa tasiri a ciki. An bi tsarin rubutun Sabiyanci aka bar wasu haruffan Bulgaranci, abin da har yau yake ci wa Sofiya rai, duk da cewa a nahawu harshen ya fi kusa da Bulgaranci nesa ba kusa ba.

Ga abin da Tito ya yi, ke nan: ya ba ra'ayin gwamnati da makaranta da rediyo da jami'a, wadda aka buɗe a Skopje a 1949. Yana da tasa manufar, ya raba mutanen da Bulgeriya, ya rage ƙarfin Sabiya cikin tarayya, idonsa kuma yana kan Tasalonika. Kurkuku ma tana cikin kayan aikin. Waɗanda suka nace su Bulgarawa ne an yi musu shari'a, an ɗaure da yawa, an kashe wasu, har shugaban jamhuriyar na farko, Metodija Andonov-Chento, an ɗaure shi a 1946 don ya so ƙarin 'yanci daga Belgrad. Ba na wanke wannan. Amma Sabiya ma tana da makaranta da kurkuku na tsawon shekaru, ba ta iya mai da su Sabiyawa ba. Wanda ya kama shi ne wanda mutane suka ji ya yi daidai da su: harshen da ake yi a gida ya shiga littafi, sunan da suka saba kiran ƙasarsu ya hau tuta. Kuma babu al'ummar Balkan da ba makaranta da bariki suka ƙera ta ba. Girka ta yi nata bayan 1830, Bulgeriya bayan 1878. Makidoniyawa sun zo a makare ne, kowa yana kallo, da takardu a ajiye, shi ya sa ɗinkin nasu yake fitowa fili.

Ita Bulgeriya ba ta tsaya kan magana ɗaya ba. Zamanin shugabanta ɗan kwaminis Georgi Dimitrov ta amince da al'ummar Makidoniya, har ta matsa wa mutanen Pirin su rubuta kansu haka. Ƙidayar 1956 ta nuna Makidoniyawa sama da 187,000 a Bulgeriya. Da siyasa ta juya, ta 1965 ta nuna ƙasa da 10,000. Ba annoba aka yi ba, ba hijira ba, umarni ne ya sauya. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta sha samun Bulgeriya da laifi kan hana ƙungiyoyin masu kiran kansu Makidoniyawa rajista da taro. A Girka kuwa musayar jama'a da Turkiyya ta 1923 ta kawo dubban ɗaruruwan Girkawa 'yan gudun hijira aka zaunar da su a arewa, masu harshen Silabanci suka koma tsiraru wajen Florina da Kastoriya da Edesa. An sauya sunayen ƙauyukansu, zamanin mulkin kama-karya na Metaksas daga 1936 aka hana su harshensu, ana cin tarar wanda aka ji yana yi. Da yawansu sun bi kwaminisawa a yaƙin basasar 1946 zuwa 1949, da aka ci su suka ƙetare iyaka tare da dubban yara. Dokar 1982 da ta ba 'yan gudun hijirar izinin dawowa ta ce sai Girkawa na asali.

Wannan yaƙin basasa shi ne tushen tsoron Girka, don a idonta sunan Makidoniya ya taɓa zama makamin ɓalle mata arewa. Da jamhuriyar ta zaɓi 'yanci a ƙuri'ar raba gardama ta 8 ga Satumba 1991, Atina ta ce sam ba da wannan suna ba. Skopje ta ƙara wa wutar fetur a 1992 da ta sa rana mai tsinke goma sha shida a tutarta, tambarin da ke kan akwatin zinariyar da Manolis Andronikos ya tono a kaburburan sarakuna na Vergina a 1977. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe ta a 1993 da sunan wucin gadi, Tsohuwar Jamhuriyar Yugoslabiya ta Makidoniya, aka rasa harafin da za a zaunar da wakilinta, aka ajiye shi kusa da na Tailan. A Fabrairun 1994 Girka ta rufe mata hanyar Tasalonika, ƙasar da ba ta da teku, har sai da suka ƙulla yarjejeniya ta sauya tuta a 1995. A 2008 ta tare mata shiga NATO, kuma a 2011 kotun duniya ta ce Girka ta saɓa yarjejeniyar 1995. A ganina Girka tana da gaskiya a kan Iskandar, amma hukuncin da ta ɗauka ya wuce laifin. Dahomey ta koma Benin a 1975, masarautar Benin tana Najeriya, ba wanda ya rufe iyaka a kan haka. Ƙasa mai mutum miliyan biyu da ɗan ƙaramin soja ba ta isa ta ƙwace Tasalonika ba.

Shugabansu na farko bayan 'yanci, Kiro Gligorov, ya faɗa a fili cewa su Silabawa ne da suka zo a ƙarni na 6, ba zuriyar Iskandar ba. Gwamnatin Nikola Gruevski, daga 2006, ita ta ɗauki ɗaya hanyar. Ta sa wa filin jirgin sama sunan Iskandar, ta cika tsakiyar Skopje da gumaka da gine-gine masu ginshiƙai irin na dā, aka kashe ɗaruruwan miliyoyin yuro a ƙasar da matasanta ke tururuwa zuwa Jamus neman aiki. In ka tsaya a dandalin, ga wani ƙaton mahayi na tagulla bisa doki mai tsaye da ƙafar baya, takobi a sama, shi da gindinsa sun haura mita 20, ruwa yana feshi ƙarƙashinsa. Kowa ya san Iskandar ne, amma a takarda sunansa Mayaƙi Bisa Doki, don tsoron Atina. Ka ƙetare gadar dutse kaɗan kuwa sai ka faɗa tsohuwar kasuwar Turkawa, da hasumiyar masallacin Mustafa Pasha na 1492, da masu shayi suna Albananci da Turkanci. Wannan gefen ya fi faɗin gaskiyar tarihin garin. Gruevski ya gudu Hangari a 2018 bayan kotu ta yanke masa ɗauri kan almundahana.

Yarjejeniyar Prespa ta 17 ga Yuni 2018, zamanin firaministocin ƙasashen biyu, Zoran Zaev da Aleksis Tsipras, ita ta kawo "ta Arewa". Skopje ta yarda ta sauya sunan ƙasa, ta kuma yarda a rubuce cewa harshenta na Silabawan kudu ne, ba shi da alaƙa da wayewar Girkawan dā. Atina ta yarda harshen sunansa Makidoniyanci, 'yan ƙasar kuma a kira su Makidoniyawa. A ƙuri'ar raba gardama wajen kashi 37 cikin ɗari ne kawai suka fito, da ƙyar da jiɓin goshi majalisun biyu suka amince a Janairun 2019. Ƙasar ta shiga NATO a Maris 2020.

Kada ka ɗauka duk ɗan ƙasar ɗan wannan ƙabila ne. Ƙidayar 2021 ta samu mazauna miliyan 1.8 da 'yan kai, Makidoniyawa kashi 58, Albaniyawa kashi 24, sai Turkawa da Romawa da Sabiyawa da Bosniyawa da Balakawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku Musulmi ne, har da Torbeshi, masu Makidoniyanci da kakanninsu suka musulunta zamanin Turkawa. A 2001 an yi 'yan watanni ana faɗa da 'yan tawayen Albaniyawa kafin yarjejeniyar Ohrid ta ba su kaso a mulki da matsayi ga harshensu.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Bulgeriya ce ƙasa ta farko da ta amince da 'yancin Makidoniya, a Janairun 1992, amma ba ta yarda harshen na daban ne ba. A Nuwamban 2020 ta hau kujerar na-ƙi kan fara tattaunawar shigar ƙasar Tarayyar Turai, tana neman a yarda cewa tushen al'ummar da harshenta na Bulgeriya ne, a gyara littattafan tarihi, har da abin da ake faɗa kan Delchev da mamayar 1941. Hujjojinta na tarihi sun fi na Girka shafar mutanen kai tsaye, amma abin da take nema da su bai dace ba, don ko da kakan mutum ya kira kansa Babulgare a 1900, wannan bai ba Sofiya ikon gaya wa jikan ko shi wane ne ba. Mutum sama da dubu ɗari daga Makidoniya sun karɓi fasfon Bulgeriya, Sofiya tana kawo wannan a matsayin shaida, amma fasfo ne na Tarayyar Turai mai buɗe ƙofar aiki, kuma a ƙidayar 2021 mutum wajen 3,500 ne suka rubuta kansu Bulgarawa. Sulhun da Faransa ta kawo a 2022 ya ce a sa Bulgarawa cikin jerin al'ummomin da tsarin mulki ya ambata. Hakan yana buƙatar ƙuri'a 80 cikin 120 a majalisa, jam'iyyar VMRO-DPMNE da ta ci zaɓen 2024 kuma ta ƙi yi ba tare da tabbacin cewa Sofiya ba za ta zo da wani sabon sharaɗi ba. A ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta raba tafiyar ƙasar da ta Albaniya, ta ci gaba da tattaunawa da Tirana, ta bar Skopje, wadda take 'yar takara tun 2005, tana jira.